Tambaya: karen Beagle zai iya farautar zomo kuma ya zauna da yara a gida?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka san kan karnuka ku taimaka min da shawara. Karyar wani abokina ce ta haihu, irin Beagle ɗin nan gajeru masu faffaɗan kunnuwa da suka zubo har wuya, baƙi da fari da ruwan ƙasa, yace in inaso in zo in zaɓi ɗaya kafin a rabar dasu. Ni abinda nake nema kare ne da zan riƙa fita dashi farautar zomo a ƙarshen mako, sauran kwanakin kuma ya zauna da yarana don suna masifar son dabba, autar ma shekararta 4. Toh na je na ga uwar kuma gaskiya jikina ya ɗan yi sanyi, ƙafafu gajeru gata da ɗan jiki, tunda na shiga hancinta ke ƙasa ko ɗagowa bata yi ta kalleni ba, nace wannan ce zata kamo zomo? Sannan wani yace min wai daƙiƙai ne, ka kira har muryarka ta dishe ba zasu juyo ba, wai kukansu kaɗai ya isa ya haɗa ka faɗa da maƙwabta, ni kuma gidana manne yake da na mutane kuma tun safe nake fita aiki sai yamma. Shine nake tambaya kare ɗaya zai haɗa biyun? ko zaman gidan zai ɓata masa farautar? kuma zai ɗan taɓa gadi ko ba ruwansa?

Tsohon Maharbi ya amsa:

Wa alaikumussalam ɗana. Abinda ka gani wurin uwar har jikinka yayi sanyi, ni shi nake dubawa kafin in karɓi kwikwiyo. Karyar da baƙo zai shigo ta ƙi ɗaga hanci daga ƙasa ai ita ce ta ƙwarai.

Kai kana auna shi ne da karnukan da suke farauta da ido, irin su Greyhound da Saluki, waɗanda in zomo ya tashi suke sheƙawa a bayansa su cimma shi da ƙarfin gudu. Waɗannan in zomo ya ɓace musu da gani toh magana ta ƙare, sai su tsaya suna waige-waige. Beagle ba haka yake aiki ba, shi ko bai ga zomon ba bai dame shi ba. Babban zomon daji yana iya kaiwa kilomita 70 a awa ɗaya in ya miƙe, ba Beagle ɗin da zai tari wannan. Abinda yake yi shine ya ɗora hanci a sawun ya bi a hankali a hankali ba fasawa, yana tafe yana kuka, kuma kukan nan da aka ce maka zai haɗa ka faɗa shi ne rabin amfaninsa a daji, domin da shi kake sanin inda yake da inda zomon ya nufa ko da ciyawa ta rufe shi. In ka saba da karenka daga muryar kawai zaka gane, in yana ɗan guntun haushi jifa-jifa sawun ya kwana biyu ko yayi sanyi, in ya saki dogon kukan nan mai ja ba tsayawa toh sawun da zafinsa zomo bai yi nisa ba, in kuma ya yi shiru ɗif zomon ya yi masa dabara, ya dawo kan sawunsa ko ya yi tsalle gefe, sai kaga karen yana zagaye yana faɗaɗa da'ira har ya sake tsinta. A nan ake gane kare mai haƙuri da na banza.

Sirrin kuma yana wurin zomon ne. Zomo baya son barin wurin da ya sani, in aka tashe shi zai zagaya ne ya dawo kusa da inda ya tashi, ƙaramin mai shiga rami da'irarsa ƙarama ce, babban na fili kuwa yakan yi nisa sosai kafin ya juyo. Saboda haka kai ba bin karen zaka yi a guje ba, ka nemi wuri kusa da inda aka tashe shi ka tsaya cik ka daina motsi kana sauraro, zaka ji kukan yayi nisa har kamar zai ɓace sannan ya fara dawowa, zomon na gaba da tazara yana ɗan tsalle yana tsayawa yana kasa kunne don shi ma ya san karen ba kama shi zai yi ba. Ance kowa ya ci zomo ya ci gudu, toh da wannan karen shi yake cin gudun kai kana tsaye.

Gajerun ƙafafun ma da gangan aka yi su haka, don mutum ya iya binsu da ƙafa. Manyan 'yan uwansu masu bin yanyawa sai da doki ake binsu. Ka kuma duba kan jelarsa zaka ga fari ne, yana bin sawu jelar na tsaye tana kaɗawa, ita kake hangowa a cikin ciyawa.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu, hancin nan da sanyi da laima yake aiki. Da sassafe raɓa bata bushe ba ko bayan an ɗan yi yayyafi, nan zaka ga abin mamaki. In rana ta take ƙasa ta bushe ga iska na kaɗawa ƙamshin sawu baya zama, kare zai ta wahala a banza kai kuma ka ce bashi da kyau.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Baba ya faɗi na daji bari ni in faɗi na gida don a nan zai yi kwana 5 ko 6 cikin 7. Maganar yara dai ka kwantar da hankalinka, ban taɓa ganin kare mai haƙuri da yara irinsa ba, a ja kunne a ja jela shi dai sai kaɗa jiki, duk da haka 'yar shekara 4 ba a barinta ita kaɗai da kowane irin kare, musamman lokacin da yake cin abinci, wannan doka ce a gidana ba don na taɓa ganin wani abu ba. Gadi kuwa ka cire rai wallahi, zai yi haushi in an taɓa ƙofa amma ana buɗewa ya gama, ɓarawo in ya zo da ɗan abin ci a aljihu har raka shi zai yi.

Inda nake ji maka shine wannan fitar taka tun safe sai yamma, in yaran ma makaranta suke tafiya gidan ya zama ba kowa toh akwai matsala babba, karen nan a garke aka saba kiwonsa baya iya kaɗaici ko kaɗan, kana juya baya zai ɗaga kai sama ya saki wani kuka auuuu mai tsawo ba irin haushin da ka sani ba, kuma ba gajiya yake ba, in ya gaji da kukan ya koma tauna takalma da ƙafar kujera da haƙa rami a gindin katanga. Namu sai da muka binne bulo a ƙarƙashin shinge don ta ƙasa yake fita, in ta ƙasa ta ƙi ya gwada hawa, kuma in ya fita ba wai gudu yake daga gida ba, wani ƙamshi ne ya ja shi, yana tafe kai a ƙasa ko mota baya gani.

Sai ci. Kai jama'a. Cikinsa kamar rariya ne, ka bashi yanzu ya cinye ya zo ya zauna gabanka da idanun nan kamar ya shekara bai ci ba, yara kuma tausayi sai su riƙa miƙa masa a ɓoye. Na taɓa tsayawa ina kallonsa ta taga yana tura kujera da ƙirji kaɗan kaɗan har ta kai jikin tebur, ya hau kujerar ya hau teburin ya ɗauke abinda ke kai ya sauko ya kwanta kamar ba shi ba. Wanda yace maka daƙiƙi ne ya zo ya ga wannan. Ga zubar gashi, gajere ne amma ko'ina zaka same shi, kuma yana da ɗan warinsa na karnukan farauta da wanka baya kawarwa gaba ɗaya. In akwai mai wuni a gida kuma zaka iya fita dashi awa ɗaya kullum, ba ƙarshen mako kaɗai ba, ka karɓa. In babu ni dai ban baka shawara ba.

Mai Karance-karance ya amsa:

Yaya, maganar daƙiƙancin nan na san inda ta samo asali. A 1994 wani masanin halayya a Kanada, Stanley Coren, ya fitar da jerin karnuka bisa saurin koyon umarni da bin sa, Beagle ya zo na 72 a jerin da ya ƙare a 79, tun daga nan mutane ke ta yawo da ita. Amma alƙalan gasar biyayya ya tambaya, wato abinda aka auna shine in ance zauna ya zauna nan take. Karen da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana tace shi don ya yi gaba shi kaɗai ya warware sawu ba tare da ya waiwayi kowa ba, ai dole ya faɗi wannan jarrabawar. Ga wata jarrabawar daban: a shekarun 1950 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun saki ɓera a fili mai girman eka 1 suka riƙa sakin karnuka su nemo shi, Beagle bai cika minti 1 ba ya gano shi, irin da ake kira Fox Terrier sai da ya yi minti 15, wani irin ma bai gano ba sam. Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancinsa ana ƙiyasta sun haura miliyan 200, namu na mutane miliyan 5 zuwa 6 ne, irin karen da ake kira Bloodhound ne kawai kowa ya yarda ya sha gabansa a fili, sai irin Basset da suke kafaɗa da kafaɗa. Don haka in ka kira bai juyo ba, ba wai bai gane ba ne, abinda ke hancinsa ya fi muryarka ƙarfi a lokacin.

Asalinsa Ingila ne, wanda muke gani yau ana danganta shi da garken da wani limamin coci Phillip Honeywood ya haɗa a yankin Essex a shekarun 1830, ƙungiyar masu kiwonsa ta can an kafa ta a 1890, a Amurka kuma tun 1885 ƙungiyar rajistar karnukansu ta amince da shi. Tsayinsa a kafaɗa a ma'aunin Ingila inci 13 zuwa 16 ne, kusan santimita 33 zuwa 41, Amurkawa su a inci 15 suka tsaya kuma sun raba shi gida biyu, ƙanana da manya. Abin dariya a ƙasar da aka ƙirƙiro shi don babban zomon daji yanzu an hana, dokar farauta ta 2004 da ta fara aiki a Fabrairun 2005 ta haramta bin sa da karnuka a Ingila da Wales, ƙaramin zomo mai rami ne aka bari, garkunan da suka rage sai dai a ja musu ƙamshi a ƙasa su bi. Shi yasa kafin ka fita ka bincika dokar inda kake da izinin mai gona.

Wani abin da zai nuna maka halinsa, tun 1984 ma'aikatar noma ta Amurka ta fara sa su aiki a filin jirgin sama na Los Angeles suna shinshina jakunkunan matafiya don gano nama da 'ya'yan itace da aka hana shiga dasu, in ya ji abu sai kawai ya zauna kusa da jakar a bashi ɗan abin ci. Sun zaɓe shi ne don ƙarami ne, mutane basa tsoronsa, ga hanci ga kwaɗayi. Wannan sanyin halin ne kuma ya jawo masa cikin karnuka shi aka fi amfani dashi a ɗakunan gwajin magunguna, a 2022 ma sai da aka kwashe kusan 4,000 daga wani wurin kiwo a jihar Virginia aka raba wa gidaje.

Ba Ruwana ya amsa:

Duk wannan dogon turanci ne, mutum yace muku baya wuni a gida kuma katangarsa ɗaya da maƙwabta. Malam ka bar musu kayansu ka huta, hali zanen dutse ne, ba horon da zai hana Beagle kuka.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi ta amsa:

Ba Ruwana kana da gaskiya rabi, ba a hana shi kuka gaba ɗaya amma wanda ya gaji kuma yana da abokin zama kukansa kaɗan ne. Ni ta fannin lafiya zan yi magana Malam. Kar ka karɓe shi kafin ya cika sati 8 a wurin uwarsa ko da abokin naka ya matsa. Allurar rigakafi ana farawa daga sati 6 zuwa 8 a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma daga wata 3, wannan ba wasa tunda daji zai riƙa shiga kuma da yara zai kwana gida ɗaya, kafin ya gama allurai kar ya taka inda wasu karnuka ke yawo saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki.

Abinda yafi kawo su wurinmu kunne ne. Kunnen a rufe yake iska bata shiga, ruwa ko datti ya maƙale sai ya ruɓe, ka riƙa ɗagawa duk sati kana dubawa kana shinshinawa, in kaji wari ko kaga baƙin danƙo ko yana yawan girgiza kai toh a kawo shi, kar a zura tsinken auduga ciki. Na biyu ƙiba, babba yawanci kilo 9 zuwa 14 ne gwargwadon tsayinsa, ka shafa gefen ƙirjinsa in sai ka danna kafin kaji haƙarƙari ya yi yawa, kuma ƙibar tana ƙara musu ciwon baya. A auna abinci sau 2 a rana a ɗauke kwano. Akwai farfaɗiya a jininsu, takan bayyana tsakanin wata 6 da shekara 6, ka tambayi abokinka ko uwar ko uban ko wani a haihuwar baya ya taɓa faɗuwa. Wani lokaci kuma zaka ga jan nama ya ɓullo a kusurwar ido, ba ciwon kisa bane amma aiki ake yi a mayar dashi. Duk dawowa daga daji a bi jikinsa da hannu a cire kaska, cikin kunne da tsakanin yatsu da hammata, in kaga ya yi laushi dasashinsa ya yi fari zazzaɓin kaska ne kar a jira. Kar a bashi ɗanyen kayan cikin zomo don ta nan yake ɗaukar tsutsar ciki. A gaya wa yara banda cakulan, banda albasa, banda inabi, kuma kar a bashi maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen. In an kula dashi yana yin shekara 12 zuwa 15, kenan autarka zata gama sakandare yana nan.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Kai nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya maman yaran tana gida yawanci don a gida take sana'arta, don haka ba shi kaɗai zai wuni ba, na dai gane sai na gyara shinge kafin ya iso. Baba saura tambayata ta farko, wani mafarauci yace min karen da yara ke wasa dashi hancinsa mutuwa yake, dole a ɗaure shi nesa da mutane a kuma bar shi da yunwa kafin fita, gaskiya ne? kuma mace zan ɗauka ko namiji, yaushe ake fara koya masa?

Tsohon Maharbi ya amsa:

Wannan magana na daɗe ina jinta kuma ban yarda da ita ba. Hanci gado ne, wasa da yara baya goge shi. Abinda na gani ma akasin haka ne, karen da ya shaƙu da kai a gida shi yake waiwayarka a daji in ka kira, wanda aka ɗaure duk sati ba mai kula shi ana kwance shi zai bi iska sai dai ka wuni nema. Abinda zaman gida ke ɓatawa ƙafa ce da numfashi, in ya yi teɓa ya kwana 6 a kwance ranar ta 7 ba zai kai awa ɗaya ba. Yunwa kuma ba a barinsa da ita, a dai rage masa na safen ranar fita kar ya yi gudu da cikakken ciki, ka tafi da ruwa.

Mace ko namiji duk suna yi, sai dai mace tana shiga lokacinta kusan sau 2 a shekara, kowanne wajen sati 3, a lokacin ba fita kuma duk karnukan unguwa zasu taru a ƙofarka. In ka je zaɓe kar ka ɗauki wanda ya fi kyan zane, ka ja ɗan nama a ƙasa ka ɓoye bayan wani abu ba tare da sun gani ba sannan a sake su, ka ga waye zai sa hanci ya bi har ƙarshe, ka kuma tafa hannu da ƙarfi, wanda ya firgita ya ɓuya ya ƙi fitowa ka bar shi.

Koyarwa daga ranar da ya shigo gida ake farawa, kuma kira ne darasin farko, murya ɗaya ko usur ɗaya kullum, yana zuwa ka bashi abu mai daɗi, ko ya ɓata maka rai kar ka taɓa dukansa bayan ya amsa kira don gobe ba zai zo ba. Yaran ma ka hana su kiran sunansa a banza. Wajen wata 3 zuwa 4 ka samu fatar zomo ka ɗaura a igiya ka ja a ƙasa, yau gajere gobe da kwana, har ya iya warwarewa. Daga wata 6 ka fara kai shi inda zomaye suke da doguwar igiya, in ka samu mai tsohon kare gwani ku fita tare, abinda zai koya wurin babban a fita kaɗan kai ba zaka koya masa a shekara ba. In ya ɗauki sawun akuya ko tunkiya ko kaza ka tsawatar nan take tun yana ƙarami, in ya saba ba ya bari kuma rigimar da zai jawo maka ta fi ta kuka. In da bindiga kake fita ka fara daga nesa sosai lokacin da hankalinsa ke kan sawu, kar a harba a kansa ranar farko. Ka rataya masa ƙararrawa a wuya da lambar wayarka, in da hali akwai abin wuya mai nuna inda yake a waya. Ranar da ya ɓace kuma, don sai ya ɓace, in duhu ya yi ka cire rigar da ka wuni da ita ka shimfiɗa a inda ka sake shi ka ajiye ruwa, ka dawo da asuba, sau da yawa a kanta zaka tarar dashi kwance.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi ta ƙara:

Baba a ƙara masa da cewa fitar wata 6 ɗin gajeruwa ce, minti 20 zuwa 30 a dawo, gaɓoɓinsa basu gama ƙwari ba sai ya kusa shekara, wunin daji sai bayan nan. Kuma in kaga yana haki harshe ya zubo ya yi ja sosai yana tangaɗi a tsayar dashi a inuwa a jiƙa masa ciki da ƙafafu, don shi in yana kan sawu ba zai tsaya da kansa ba.